Sharhi: Makaɗin da ke sayar da abin da aka sace masa

Wani salon ciniki ya samu gindin zama a tsakanin makaɗan jaz na Amurka da Turai, wanda in aka ji shi da farko sai a ɗauka almara ce. Makaɗi zai yi wasa a wani zaure, wani daga cikin 'yan kallo ya ɓoye rikoda a aljihu ya naɗi kiɗan ba da izini ba, naɗin ya yi ta yawo a hannun masu tara faifai shekara da shekaru, daga bisani ya faɗo hannun makaɗin. Maimakon ya nufi kotu, sai ya sa a gyara sautin, ya rubuta kwanan wata da sunan zauren, ya ɗora a shagonsa na intanet, ya yanka masa farashi. Turawa na kiran irin wannan naɗi bootleg, kalmar da ta samo asali daga 'yan fasa-ƙwaurin barasa masu cusa kwalba a cikin dogon takalminsu. A Hausa ana iya ce masa naɗin sata.

Wannan jarida na ganin makaɗin da ya yi haka yana kan gaskiyarsa, kuma dabararsa ta fi zaryar kotu amfani. Sai dai gaskiyar tasa tana da iyaka. Kiɗan daren nan ba shi kaɗai ya yi shi ba, kuma ranar da ya cinye kuɗin shi kaɗai, ya shiga sahun wanda ya ɓoye rikodar.

Kafin a gane dalilin da ya sa batun ya fi zafi a jaz, sai an san yadda kiɗan yake. Ya tsiro ne a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, kuma ginshiƙinsa shi ne ƙirƙira nan take. Makaɗa kan fara da karin da kowa ya sani, sa'annan kowannensu ya karɓi fage bi da bi, ya saƙa nasa kiɗan a kan wannan karin, abin da bai yi jiya ba kuma ba zai maimaita gobe ba. Saboda haka taken da aka kaɗa ranar Talata da wanda aka kaɗa ranar Laraba suna ɗaya gare su, amma kaya biyu ne daban. Mawaƙin da ke maimaita abin da ke cikin faifansa kalma da kalma asararsa kaɗan ce idan aka naɗe shi a dandamali. Makaɗin jaz kuwa, abin da aka naɗa a daren shi ne ainihin aikin, kuma babu kwafinsa a ko'ina sai a aljihun mai rikoda.

Shi ya sa naɗin sata ya tsufa a wannan fage. A shekarun 1947 da 1948 wani matashi mai busa saksafon, Dean Benedetti, ya riƙa zuwa wasannin Charlie Parker a kulob-kulob na Los Angeles da New York ɗauke da na'urar naɗi. Da yake busar Parker kaɗai yake so, sai gwanin ya fara busa yake kunna na'urar, da ya gama ya kashe. Parker ya rasu a 1955 yana da shekara 34, Benedetti ya bi shi a 1957, kuma sai a 1990 kamfanin Mosaic ya fitar da waɗannan naɗe-naɗe a hukumance. A New York kuma, wani mai suna Boris Rose ya shafe shekaru yana naɗar wasannin da gidajen rediyo ke watsowa kai tsaye daga kulob-kulob irin su Birdland, yana buga su a faifai da sunayen kamfanoni iri-iri, yana sayarwa. Tarihi ya ci ribar aikin mutanen biyu, amma a ciniki irin na Rose kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Tun a wancan zamani wasu makaɗa suka gane cewa mafita ita ce su riƙe naɗin da hannunsu. Ranar 15 ga Mayu 1953, gwanaye biyar suka haɗu a zauren Massey Hall da ke Toronto ta ƙasar Kanada: Parker, Dizzy Gillespie mai busa ƙaho, Bud Powell a kan piyano, Max Roach a kan ganguna, da Charles Mingus mai kaɗa bas, wato ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ake tsayarwa a ƙasa. A daren ne Rocky Marciano da Jersey Joe Walcott suka yi damben kambun duniya, zauren bai cika ba, masu shirya taron suka kasa biyan makaɗan yadda aka yi alkawari. Mingus ya tafi New York da tef ɗin wasan, ya fitar da shi ta Debut, ƙaramin kamfanin da shi da matarsa ta lokacin, Celia, da Roach suka kafa a 1952. Da yake Parker na ɗaure da kwantaragin wani kamfani, sai aka rubuta sunansa Charlie Chan a bangon faifan. Wasan da aka yi asara a ƙofarsa ya zama ɗaya daga cikin faya-fayan jaz da suka fi shahara a duniya, kuma ya fito ne ta hannun waɗanda suka kaɗa shi.

Bayan rasuwar Mingus a 1979, mai ɗakinsa Sue Mingus ta ɗauki yaƙin ta wata fuska. Ta yi suna wajen shiga shagunan faifai ta kwashi faya-fayan satar mijinta ta yi waje ba tare da ta biya ko kwabo ba, tana jiran wanda zai ce ta yi sata. Da ta ga hannu ɗaya ba zai share shagunan duniya ba, sai ta kafa kamfani mai suna Revenge, wato ramuwar gayya, ta ɗauko wasan da Mingus ya yi a Paris a watan Afrilun 1964, wanda 'yan naɗin sata suka daɗe suna ci da shi, ta fitar da shi a 1996 da sauti mai kyau da cikakken bayani. Hikimarta ita ce ta shiga kasuwar ɓarayin da hajar da ta fi tasu inganci. Wannan hikimar ce intanet ta sauƙaƙa wa kowane makaɗi a yau.

Doka ta daɗe tana bin wannan matsala a baya. Yarjejeniyar Roma ta 1961 ta amince cewa mai wasa na da ikon hana a naɗe shi ba da yardarsa ba, amma Amurka, mahaifar jaz, ba ta shiga yarjejeniyar ba. Wannan giɓi, haɗe da gajeren wa'adin kariya a wasu ƙasashe, ya sa a shekarun 1980 zuwa farkon 1990 kamfanoni a Italiya da Jamus suka riƙa buga wasannin makaɗan Amurka suna sayarwa a fili. Sai a 1994 Amurka ta kafa dokar tarayya da ta mayar da cinikin naɗin sata laifi mai hukuncin ɗauri har na shekara 5 a karon farko. Duk da haka, makaɗin da ke wasa a kulob mai kujeru ɗari ba shi da kuɗin lauyan da zai bi kamfani a wata nahiya, balle ya bi dubban mutanen da ke musayar naɗi kyauta ta intanet. Wanda ba zai iya hana a ci kasuwa da kayansa ba, abin da ya rage masa shi ne ya baza tabarmarsa a cikinta.

Lissafin kasuwa ma yana bayan makaɗin. Rahotannin shekara-shekara na kasuwar kiɗa a Amurka kan sanya kason jaz a wajen kashi ɗaya cikin ɗari. A manhajojin saurare irin su Spotify, abin da ke zuwa daga sauraro ɗaya bai cika kai rabin senti ba, ko take na minti uku ne ko na minti ashirin, alhali wasan jaz na dandamali dogo ne. Daga 2024 kuma Spotify ya daina biyan komai a kan taken da bai samu sauraro 1,000 ba cikin watanni 12. A ɗaya ɓangaren, shafin Bandcamp, wanda aka buɗe a 2008, na bai wa makaɗi damar sayar wa masoyinsa kai tsaye, ya cire la'adar kashi 15 cikin ɗari a kan abin da aka sauke. Kundi ɗaya da aka saya dala 10 zai bar wa makaɗi wajen dala 8, kuɗin da sai an saurare shi kusan sau dubu biyu kafin ya gan su ta wancan ɓangaren. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta rufe zaurukan kiɗa, shafin ya fara ware wasu ranakun Juma'a da yake yafe la'adarsa baki ɗaya, kuma makaɗa da yawa da ba su da inda za su yi wasa suka koma tonon akwatunan tsofaffin naɗe-naɗensu.

Misalan da suka fi jan hankali sun riga annobar. Sonny Rollins, mai busa saksafon wanda masana suka daɗe suna cewa ya fi bajinta a dandamali fiye da ɗakin naɗi, ya kafa kamfaninsa Doxy, kuma a 2008 ya fara fitar da jerin kundaye mai suna Road Shows. Wani ɓangare na kundin farko ya fito ne daga taskar Carl Smith, wani masoyinsa da ya tara ɗimbin naɗe-naɗen wasanninsa da ba a yi a hukumance ba. Gidauniyar Tri-Centric ta Anthony Braxton ta tattara wasu tsofaffin naɗe-naɗen sata na makaɗin ta fitar da su a shafinta. Dave Douglas mai busa ƙaho kuwa riga ɓarawon ya yi: a watan Disamban 2006 ya yi dare shida yana wasa a kulob ɗin Jazz Standard da ke New York, wasa biyu kowane dare, ya naɗe dukkan goma sha biyun, kuma kowanne ya shiga kasuwa a shafin kamfaninsa Greenleaf cikin sa'o'i 24. Idan na halal ya iso da safe, na sata ba shi da mai saye da rana.

Akwai masu ƙin wannan hanya, kuma hujjojinsu ba na yasarwa ba ne. Suna cewa makaɗin da ya sayar da naɗin sata ya wanke ɓarawo, ya kuma ƙarfafa wa na gaba gwiwa. Suna cewa makaɗi na da ikon ya bar daren da bai yi masa kyau ba ya mutu a inda aka yi shi. Keith Jarrett mai kaɗa piyano ya shahara da tsayar da wasa idan ya hango kyamara, kuma a bikin Umbria na Italiya a 2007 ya yi wa masu ɗaukar hoto kaca-kaca daga kan dandamali. Amsa ita ce, ikon hanawa da ikon sayarwa tushensu ɗaya ne, wato wasan na mai shi ne. Jarrett da ya ce a'a da Rollins da ya zaɓi abin da zai fitar duk haƙƙi ɗaya suka yi amfani da shi. Abin ƙi shi ne wani can daban ya yanke hukuncin a madadinsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne a cikin tawagar kanta. Sunan shugaba ne a bangon kundi, amma mai ganga da mai bas da mai piyano su ma ƙirƙira suka yi a daren, kuma abin da aka biya su ladan wasan dare ɗaya ne, ba kuɗin faifai ba. A al'adar sana'ar, makaɗin rakiya da aka kira ɗakin naɗi ana biyansa kuɗin naɗi daban. Idan shugaba ya ɗora wasan da aka yi shekara ashirin da suka wuce a shagonsa bai tuntuɓe su ba, bai tuntuɓi magadan waɗanda suka rasu ba, to ya yi musu daidai abin da aka yi masa, illa dai shi ya san gidajensu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma bai kamata hannu ɗaya ya karɓi ladan ɗaukarta ba. Kulob ɗin Smalls da ke New York ya nuna cewa adalci a nan mai yiwuwa ne: ya gina rumbun naɗe-naɗen wasannin da ake yi a cikinsa bisa tsarin da ke lissafa kason kowane makaɗin da ya hau dandamali, shugaba ne ko ɗan rakiya.

Bayan 'yan tawaga akwai wasu masu haƙƙi. Yawancin wasannin jaz kan ƙunshi tsofaffin karin da wasu suka tsara, kuma a Amurka doka ta ƙayyade abin da za a biya mai tsarin a kan kowane kwafi da aka sayar. A 2023 an ɗaga kuɗin daga senti 9.1 zuwa senti 12 a kan take ɗaya, ko senti 2.31 a kan kowane minti idan taken dogo ne. Akwai kuma kamfanin da makaɗi ke ɗaure da kwantaraginsa a lokacin wasan. Wasan da Thelonious Monk ya yi a wata makarantar sakandare a Palo Alto a 1968, wanda mai kula da tsabtar makarantar ya naɗa, sai da taƙaddamar haƙƙi ta jinkirta fitowarsa a 2020, bayan shekara 52. Sa'annan akwai mai saye, wanda ya cancanci a gaya masa gaskiya: daga cikin 'yan kallo aka naɗa ko daga na'urar zaure, da wane irin sauti, an yanke wani abu ko an ƙara. Ko Mingus ma, da sautin bas ɗinsa bai fito sosai ba a tef ɗin Toronto, sake kaɗawa ya yi a ɗakin naɗi ya ɗora a kai, kuma an daɗe ana muhawara a kan hakan. Shi ma mai rikodar, in ya miƙa naɗinsa da kansa, a ambaci sunansa. Laifinsa bai goge cewa ba don shi ba da daren ya ɓace.

Wannan muhawara ta shafi Najeriya ta fuskar doka da ta ajiya. A watan Oktoban 2017 ƙasar nan ta miƙa takardun amincewa da yarjejeniyoyin Hukumar Kare Mallakar Fasaha ta Duniya, ciki har da ta 1996 kan masu wasa da naɗin sauti. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta bai wa mai wasa ikon amincewa ko hana naɗar wasansa, kwafarsa, da ɗora shi a intanet, ta kuma tanadi hanyar neman a sauke abin da aka ɗora ba da izini ba. A takarda, makaɗin da ke wasa a Legas ko Abuja yana da makamin da Parker bai taɓa samu ba.

Kuma ba sai an je New Orleans za a ga kiɗan da ke rayuwa a dandamali ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take, kuma ɗimbin abin da ya rage na muryarsa naɗi ne na gidajen rediyo da na wuraren biki, wanda ya bi kaset zuwa kasuwa, yau kuma ya koma YouTube da katin waya. Haka abin yake ga Ɗanmaraya Jos da ya rasu a 2015, da sauran takwarorinsu. Tambayar da ta dami Sue Mingus ita ce ke gaban magadansu da na makaɗansu da 'yan amshinsu: wa ke riƙe da naɗin, kuma wa ke cin moriyarsa?

Saboda haka akwai aikin da ya rataya a wuyan hukumomi. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta samar da samfurin yarjejeniya mai shafi ɗaya, da Hausa da Yarabanci da Ibo da Ingilishi, wadda shugaban tawaga da makaɗansa da mai zaure za su sa wa hannu kafin wasa, ta fayyace wa zai naɗa, wa zai mallaka, da yadda za a raba. Taƙaddamar da aka shafe shekaru ana yi tsakanin ƙungiyoyin karɓar kuɗin haƙƙi, COSON da MCSN, ta isa darasi cewa makaɗin da ke jiran tsari daga sama zai daɗe yana jira. Ma'aikatar Fasaha, Al'adu, Yawon Buɗe Ido da Tattalin Arzikin Ƙirƙira kuma ta zauna da Babban Bankin Najeriya a kan hanyoyin karɓar kuɗi daga waje. Tsawon shekaru bayan shigowar PayPal ƙasar nan a 2014, asusun ɗaiɗaikun 'yan Najeriya aikawa kawai yake iya yi, kuma shagon intanet da kuɗinsa ba sa isowa gida ba shago ba ne.

Sai batun ajiya, wanda ya fi kowanne gaggawa domin tef na lalacewa. A farkon 2005 wani ma'aikacin Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, Larry Appelbaum, yana cikin aikinsa na mayar da tsofaffin tef-tef na Muryar Amurka zuwa kwamfuta, ya ci karo da wasan da Monk da John Coltrane suka yi a zauren Carnegie Hall ranar 29 ga Nuwamba 1957. Kafin shekarar ta ƙare an fitar da shi da yardar magadan mutanen biyu. Ma'aikacin gwamnati ne ya gano wannan taska, kuma ya gano ta ne domin hukumarsa ta adana tef ɗin shekara da shekaru, ta kuma ware kuɗin duba shi. Rediyon Tarayya na Kaduna, gidan talabijin na NTA, da Ma'adanar Fim, Bidiyo da Sauti ta Ƙasa da ke Jos na zaune a kan irin wannan dukiya. Ya kamata a ƙidaya abin da ke cikin ɗakunansu, a mayar da shi kwamfuta, a wallafa jerin sunayensa, a kuma buɗe wa makaɗa da magadansu ƙofar karɓar kwafi bisa sharuɗɗa bayyanannu, domin su ma su fitar da nasu a hukumance.

Makaɗan jaz sun ɗauki fiye da rabin ƙarni kafin su kai ga wannan matsaya, cewa hanya mafi sauƙi ta kashe kasuwar sata ita ce mai kaya ya fito da kayansa, da kyau, da farashi mai sauƙi, ya kuma sallami duk wanda ya yi gumi a kai. Masu tsara manufofi a Abuja ba su da dalilin ɗaukar rabin ƙarni nasu. Doka na nan tun 2023, naɗe-naɗen na nan a ɗakunan ajiya, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka buga ganga a bayan manyan mawaƙan ƙasar nan na raye, ana jin aikinsu a kowace tasha, su kuwa ko sisi ba ya zuwa hannunsu. Da su ya kamata a fara.